Daga Zaurance Zuwa Wayar Hannu: Kulle Magana da Rigimar Mabuɗi na Biyu

Gabatarwa

Tun fil azal ɗan Adam yana da maganar da yake so kowa ya ji, yana kuma da wadda ba ya so ta wuce kunnen wanda ya nufa da ita. Bahaushe ya san wannan sarai, shi ya sa ya gina zaure a bakin gidansa don baƙo ya tsaya nan, ya kuma lissafa tonon asiri a cikin manyan abubuwan kunya. To, amma a wannan zamani yawancin maganar mutane ta waya take bi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana aika wa abokin cinikinsa lambar asusunsa na banki, mara lafiya yana kwatanta wa likita ciwon da ba zai iya faɗa a gaban mutane ba, ɗan jarida kuma yana karɓar labari daga wanda ke tsoron a san shi ya faɗa. Kowane ɗaya daga cikin saƙonnin nan sai ya ratsa na'urorin kamfanoni da dama kafin ya kai hannun mai shi. Abin da ke hana masu na'urorin nan da ɓarayin hanya karanta shi, shi ne ilmin kulle magana, watau mai da rubutu ya zama shirme ga kowa, in ban da wanda ke riƙe da mabuɗi.

Wannan maƙala za ta bayyana asalin ilmin nan da yadda yake aiki. Sa'an nan za ta duba wata rigima da aka fi shekara 30 ana yi, watau ko ya kamata a ajiye wa hukuma mabuɗi na biyu wanda za ta riƙa buɗe maganar jama'a da shi in bukata ta kama.

Zaurance da Dabarar Kaisar

Mai nazarin Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage, domin zaurance ɗan'uwan kulle magana ne na kusa. 'Yan mata da yara sukan cusa wata gaɓa a tsakiyar kalma, "gida" ya koma "gibida", ko kuwa su juya gaɓoɓin, "kasuwa" ta koma "suwaka". Wanda ya san ƙa'idar zai ji magana sak, wanda bai sani ba kuwa sai ya yi zuru. Wannan shi ne ɓad-da-bami, ƙa'idar da aka yi yarjejeniya a kanta kuwa ita ce mabuɗi.

A rubuce ma haka abin yake. Masana tarihin Rumawa sun ruwaito cewa Julius Kaisar yakan rubuta wasiƙunsa na sirri ta hanyar musanya kowane harafi da wanda ke gabansa da taki 3 a jerin haruffa. Alal misali, in an bi jerin haruffan Turanci, K zai zama N, A ya zama D, N ya zama Q, O ya zama R, sai kalmar KANO ta fito NDQR. Manzon da aka kama da irin wannan takarda, ko an matsa masa, ba shi da abin faɗa, tun da shi kansa bai san abin da ya ɗauko ba.

Wanda ya fara rubuta hanyar kwance irin wannan ƙulli kuwa shi ne shahararren malamin nan na Bagadaza, Abu Yusuf Ya'aƙub al-Kindi, a ƙarni na 9 na Miladiyya. An gano risalarsa a ɗakin ajiyar takardun Daular Usmaniyya a Santambul ta Turkiyya cikin 1987. Abin da ya lura da shi nazarin harshe ne tsantsa. A kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan aukuwa. A Larabci alif da lam ne kan gaba, a Turanci "e", a Hausar boko kuwa "a". Saboda haka in aka kawo doguwar wasiƙar Hausa wadda aka kulle da dabarar Kaisar, aka ƙidaya aka ga D ya fi kowane harafi yawa, an san D ɗin nan "a" ne ya sake riga. Daga nan sai sauran su warware ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga lokacin masu kullewa da masu kwancewa ke tsere. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun yi amfani da wata na'ura mai suna Enigma, wadda ke sake ƙa'idar musanya haruffa duk sa'ad da aka danna harafi guda, don kada ƙidayar al-Kindi ta yi tasiri. Duk da haka wani masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, Marian Rejewski, ya gano yadda cikinta yake a ƙarshen 1932, daga baya kuma Alan Turing da abokan aikinsa a Bletchley Park ta Ingila suka ƙera na'urorin da suka riƙa kwance saƙonnin Jamusawa har yaƙin ya ƙare. Jamusawa sun ci gaba da amfani da na'urarsu, suna tsammanin ƙofarsu a rufe take.

Kwaɗon da Kowa Zai Iya Rufewa

Duk waɗannan dabaru suna da aibi guda. Dole mai aikawa da mai karɓa su riga sun haɗu sun yarda da mabuɗi ɗaya, ko kuwa su aika shi ta hannun amintacce. Wannan mai yiwuwa ne ga sarki da hakiminsa. Amma yaya mutum zai yi da banki ko da ɗan kasuwar da bai taɓa gani ba? In ya aika mabuɗin ta waya, ai mai saurare ma ya samu.

An warware wannan matsala ne a Amurka. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka wallafa hanyar da mutum biyu za su yarda da mabuɗi alhali kowa yana jin abin da suke faɗa. A 1977 kuma Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na makarantar MIT suka fito da tsarin da ake kira RSA, daga harafin farko na sunayensu. Sai a 1997 aka bayyana cewa ma'aikatan leƙen asirin Birtaniya sun riga su gano irin wannan da 'yan shekaru, amma aka hana su faɗa.

Ga misalin da zai sauƙaƙa fahimta. A ƙaddara wani attajiri ya sa an ƙera masa kwaɗuna dubu iri ɗaya, ya rarraba su a buɗe a kasuwanni, amma ya riƙe mabuɗinsu tilo a aljihunsa. Duk mai son aika masa da saƙo sai ya sa a akwati, ya ɗauki kwaɗo guda ya danna. Rufewa ba ta bukatar mabuɗi. Da zarar kwaɗon ya ce ƙaras, ko shi wanda ya rufe ba ya iya buɗewa, balle direban motar da zai kai. Kwaɗon na kowa ne, mabuɗin kuwa bai taɓa barin aljihun mai shi ba.

Kwaɗon nan da lissafi aka ƙera shi. Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da kansu ko da 1, kamar 89 da 97. Ɗan firamare zai iya ninka su ya sami 8,633. Amma in aka ba mutum 8,633 kawai, aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. To, lambar da ake amfani da ita a mabuɗin RSA na yau da kullum tana da alƙaluma 617 a jere, kuma babu wanda ya taɓa nuna cewa ya iya farfasa irinta, kome ƙarfin kwamfutarsa. Sakamakon ninkin shi ne kwaɗon da ake rarrabawa, lambobi biyun asali kuwa su ne mabuɗin. Akwai wasu tsare-tsaren da ke amfani da wani reshen lissafi dabam, amma hikimar ɗaya ce: aikin da yin sa ke da sauƙi, kwance shi kuwa ya gagari kowa.

A watan Afrilu na 2016 kamfanin WhatsApp ya sanar cewa ya gama sa irin wannan kulle a kan dukkan saƙonni da kiran masu amfani da shi, da tsarin da masu manhajar Signal suka shirya. Ma'anar wannan ita ce saƙo yana kulluwa a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa. Kamfanin kansa matsayin direban mota yake, yana ɗauke da akwati bai san abin da ke ciki ba. A kan wannan ne aka fi samun saɓani tsakanin kamfanoni da hukumomi.

Hujjar Hukuma

Hukumomin tsaro suna da hujja wadda ba ta rainawa ba ce. A da, in alƙali ya ba da izini, ɗan sanda zai iya buɗe wasiƙa a gidan waya ko ya saurari tarho. Yanzu kuwa ko an kai wa kamfani takardar kotu, sai ya ce ba shi da mabuɗi. Kwaɗon da ke tsare mara lafiya da ɗan jarida, shi ne dai ke tsare ɗan ta'adda da mai lalata da ƙananan yara. Mutanen Arewacin Nijeriya ba su bukatar a gaya musu ɓarnar da mugu ke yi da waya, tun da da ita masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa. Har ta kai a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya don a toshe wa 'yan bindiga hanya, abin da ya shafi mai laifi da mara laifi. Uban da aka sace wa ɗa, in aka ce masa akwai mabuɗin da zai buɗe wayar ɓarayin, ba zai tsaya sauraron wata falsafa ba.

Saboda irin wannan ne gwamnatin Amurka ta fito a 1993 da wani ɗan ƙaramin sashe na na'ura mai suna Clipper, wanda za a sa a tarho ya kulle magana, amma hukuma ta riƙe kwafin mabuɗin kowane guda. A 1994 wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna cewa ana iya zambatar tsarin, jama'a kuma suka ƙi saye, shirin ya mutu cikin 'yan shekaru. Maganar ta sake tasowa bayan harin San Bernardino a Jihar Kalifoniya, inda aka kashe mutum 14 a watan Disamba na 2015. A Fabrairun 2016 kotu ta umarci kamfanin Apple ya rubuta wata manhaja ta musamman da za ta taimaki hukumar FBI buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan. Shugaban kamfanin, Tim Cook, ya ƙi, bisa hujjar cewa manhajar da za ta buɗe waya ɗaya za ta buɗe sauran irinta. A watan Maris hukumar ta janye ƙarar bayan wasu sun buɗe mata wayar ta wata hanya. A Fabrairun 2025 kuma Apple ya janye wa mutanen Birtaniya wani tsarinsa na kulle ajiya, bayan jaridu sun ruwaito cewa gwamnatin ƙasar ta nemi a ba ta hanyar shiga.

Inda Gizo ke Saƙar

Tambayar da ta rage ita ce ko ana iya ƙera mabuɗin da zai yi aiki a hannun mai gaskiya kaɗai. Lissafi bai san fuskar alƙali ba, bai kuma san ta ɓarawo ba, duk wanda ya kawo lambar da ta dace zai buɗe masa. Abubuwa uku da suka faru sun isa shaida.

Na farko a ƙasar Girka ne. Na'urorin kamfanin waya na Vodafone a can suna ɗauke da wani sashe da aka tanada don sauraron da kotu ta halatta. Tsakanin 2004 da 2005 wasu suka kutsa suka tayar da sashen nan a asirce, suka yi watanni suna sauraron wayoyi sama da 100, har da ta Firayim Minista Kostas Karamanlis da ta wasu ministocinsa. Ƙofar da aka yi don hukuma, ta nan aka shiga aka saurari shugaban hukumar.

Na biyu ya nuna cewa hukuma mafi ƙarfi ma ana yi mata sata. Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta san wata kafa a manhajar Windows, ta kuma ƙera makamin shiga ta nan, ta ajiye don aikinta. Wasu da ke kiran kansu Shadow Brokers suka sami makamin, suka watsa shi a intanet a watan Afrilu na 2017. Ran 12 ga Mayu na wannan shekara wata muguwar manhaja mai suna WannaCry, wadda aka gina a kan makamin, ta bazu ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Kamfanin Microsoft ya riga ya toshe kafar tun watan Maris, amma ɗimbin ma'aikatu ba su sabunta kwamfutocinsu ba.

Na uku a 2024 ya bayyana. Wata dokar Amurka ta 1994 ta wajabta wa kamfanonin waya su gina na'urorinsu yadda hukuma za ta iya saurare da izinin kotu. Sai aka gano cewa wasu masu kutse da aka laƙaba wa suna Salt Typhoon sun shiga manyan kamfanoni irin su AT&T da Verizon, har sun kai ga na'urorin da suka shafi sauraron. Amurka ta ɗora wa ƙasar Sin alhakin, Sin kuwa ta musanta. A watan Disamba na shekarar jami'an tsaron Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma ga manhajojin da ke kulle magana.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu. Akwai alƙalin da ya ba da izini a bincike gidan mutum guda wanda ake tuhuma. Akwai kuma sarkin da ya tara maƙeran gari ya ce daga yau kowane kwaɗo a ƙera shi yadda mabuɗin fada zai buɗe shi. A na farko mutum ɗaya abin ya shafa, kuma bisa dalili. A na biyu kuwa ranar da aka sace mabuɗin fada, ko wani bafade ya sayar da kwafinsa, kowane shago da kowane ɗaki a garin ya zama a buɗe. Daɗin daɗawa, riƙaƙƙen ɓarawo ba zai sayi kwaɗon maƙeran gari ba. Lissafin nan a wallafe yake tun shekarun 1970, duk mai hali zai iya ƙera nasa. Talaka mai bin doka ne kaɗai za a bari da kwaɗo mai rauni.

Abin da Kwaɗon Ba Ya Tsarewa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kulle magana ya makantar da hukuma, ko kuwa ya sa mai waya ya tsira daga kome. Wasiƙa tana cikin ambulan, amma abin da ke bayan ambulan a fili yake. Kamfanin waya ya san layin da ya kira wani, da lokacin, da tsawon kiran, da kuma turken sadarwar da wayar ta fi kusa da shi. A Nijeriya tun watan Disamba na 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Waɗannan bayanai babban makami ne ga mai binciken laifi in ya yi aiki da su da gaske. Su ne kuma abin tsoro in suka faɗa hannun azzalumi, domin wanda ya san cewa wance ta kira likitan mata sau 5 a mako guda, ba ya bukatar ya ji abin da suka ce.

Haka nan kuma ana iya barin akwatin a bi mai shi. Manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, tana shiga cikin wayar ne ta karanta saƙo bayan ya buɗu. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin ƙara bisa zargin an hari masu amfani da shi kimanin 1,400, ciki har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Amma wannan makami ne mai tsada. Abin da ya fi cin talaka shi ne yaudara. Wani ya kira shi da murya mai daɗi, ya ce shi ma'aikacin banki ne ko shugaban wata ƙungiya, ya nemi ya karanto masa alƙaluma 6 da aka aiko masa yanzu. Alƙaluman nan su ne mabuɗin, wanda ya faɗe su kuwa ya miƙa asusunsa da hannunsa.

Kammalawa

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta tarho, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. Doka tana hukunta wanda ya tona asiri ne bayan ya tona, kuma ba ta kai wa ga mai kutsen da ke zaune a wata ƙasa. Kwaɗon lissafi shi ke hana tonon tun farko. Saboda haka duk ranar da aka kawo shawarar mabuɗi na biyu a majalisa, da sunan yaƙi da 'yan bindiga ko waninsa, ya kamata masu wakiltar jama'a su yi tambaya uku kafin su ɗaga hannu: a ina za a ajiye shi, mutum nawa za su riƙa taɓa shi, kuma wa zai biya ɗan kasuwar Kantin Kwari ranar da aka wayi gari an sace shi, kamar yadda ya faru a Girka da Amurka? Kafin wannan rana kuwa, abin da ke hannun kowane mai waya shi ne ya riƙa sabunta manhajarsa in an nema, ya sa wa wayarsa lambar sirri, kada kuma ya karanta wa kowa alƙaluman da aka aiko masa, ko da mai kiran ya ambaci sunansa da na mahaifinsa.